Wutsiyar da Baturen Ya Bari

Iya, kakata, ba ta fara tatsuniya sai ta gama gasa mana masara. A gidanta na Doguwa, bayan sallar isha'i, yara kan zagaye murhu, ni kuwa ina can baya don kada a tambaye ni komai. Idona yana kan wata tsohuwar wutsiya mai ɗigo-ɗigo da take korar sauro da ita.

Wata rana ta ce, "Ga ta nan tafe, ku kasa kunne. Ta yau ba ƙirƙira ba ce, ubana ne a ciki."

Damisa ce ta addabi ƙauyensu. Ta cinye awaki, sannan ta fizge wata yarinya a bakin rafi, sai hannunta aka tsinta da awarwaro. Mahaifin Iya, Tanko maharbi, ya bi sawu. Kibiyarsa ta kuskure. Damisar ta haye kansa, ta ɓare masa fatar goshi har ta rufe masa ido, ta tauna kafaɗarsa. Da ɗaya hannun ya dinga caka mata wuƙa a wuya har ta saki. Ya yanke wutsiyar, yadda maharba ke yi don a san wanda ya kashe, sannan ya suma.

Washegari wani Bature ya iso da bindiga. Ya ɗora ƙafa kan damisar aka ɗauke shi hoto, wai ya ceci ƙauye. Tanko ya rarrafo ya ce shi ya kashe.

Iya ta ce, "Sai Baturen ya ce masa, 'Matsa, yaro.' Yaro! Mutum da gemunsa! Masinjan Baturen ya zabga masa bulala a kan raunin, jini ya fantsamo mini a zani."

Yayata Hassana ta ce, "Iya, wutsiyar fa?"

"Ja'ira, me kike gani a hannuna? Bai san al'adarmu ba. Ya kwashi fata, ya bar shaida."

Bana malamar Turanci ta kawo mana sabon littafin labari. Wata baturiya ce ta ceci wani ƙauye, mutanen ƙauyen ko suna ba a ba su ba, sai kuka da godiya. Ta tambayi ra'ayinmu.

Iya ta rasu, wutsiyar tana cikin akwatina. In ban faɗa ba, babu mai faɗa. Ban taɓa ɗaga hannu a aji ba, amma ranar na ɗaga.

"Malama, an yi irin wannan a garinmu. Namu yana da suna. Sunansa Tanko."