Ya Ce Dattin Ciki Ne Ke Fita

Wata rana, Talatar da ta biyo bayan Babbar Sallar bara, wani mai magani ya faka mota a kasuwar garinmu, da lasifika a kanta.

Ranar aka fara cutar Tanimu tela, tsohon ɗalibina.

Matarsa Lantana ta daɗe tana lura da shi. Loma uku ya ce ya ƙoshi. Ƙirji na zafi, ciki na kumburi. Nama ma, da yake so kamar me, ya daina sha'awarsa.

Da suka je wurinsa, mai magani bai taɓa shi ba, bai tambaye shi komai ba. Ya ce olsa ce, ya miƙo jarkar jiƙo.

Tanimu ya sha. Bayan gidansa ya koma baƙi ƙirin kamar kwalta.

Lantana ta tsorata, ta koma kasuwa da kanta. Mutumin ya yi dariya, ya ɗauki lasifika ya sanar wa duk kasuwa: ga shaida, magani na wanke dattin ciki! Ya ce kada su kuskura su je asibiti, yanka mutane ake yi a can.

Ta dawo da wata jarkar.

Damina ta wuce. Tanimu na ramewa, yana rage ƙugun wandunansa a shago don kada ta gane. Ta gane. Ita ke wanki.

Ranar da ya yi amai da jini a kan keken ɗinki, ta kai shi asibiti. Aka zura masa na'ura ta baki.

"Baiwar Allah, tun yaushe bayan gidansa ya yi baƙi?" in ji likita.

"Tun bara, likita. An ce datti ne ke fita."

"Ba datti ba ne. Jininsa ne."

Ciwon daji ne a tumbinsa. Litinin mai zuwa za a yi masa aiki, kuma likita bai yi mata alkawarin komai ba.

Mai maganin kuwa jiya ma yana kasuwa.

Darasi: saurin ƙoshi, rama ba dalili, baƙin bayan gida, amai, ciwon ciki da ya ƙi jin magani, duk na asibiti ne. Ba kowane ciwon ciki ne olsa ba.

Kai kuma mai mota, da lasifika ka yi ƙaryar, da ita za ka janye ta. Ka tsaya inda ka tsaya, ranar kasuwa, ka ba Lantana haƙuri kowa na ji.

Ku tura wannan har ya isa wayarsa.