Auduga a Kafaɗun Yaya

Yayana ɗan wasan kwaikwayo ne, ni kuma tela. Ni nake ɗinka masa kaya tun yana fitowa a maigadi a wani shirin talabijin, ya buɗe ƙofa ya ce sannu da zuwa, shi ke nan aikinsa. Daga baya masu fim suka ɗauke shi, yau direba, gobe maƙwabci mai neman rigima. Bara wani kamfani mai sakin shiri mai dogon zango a intanet ya ba shi matsayin uban gida, wanda labarin duka yake kansa. Ya kafe sai da suka ɗauke ni aikin kaya.

Aikin nan ba a ɗaukar labari a jere. Yau a ɗauki mutum yana shiga ɗaki, sai bayan watanni a ɗauki abin da ya faru a cikin ɗakin. Dole ya dawo yadda yake, riga ɗaya, aski ɗaya, jiki ɗaya.

To, jikin ne ya fara zubewa. Ni na fara gani, don tef ɗin awo ba ya kara. Na rage wando, na sake ragewa. Abinci ba ya zama, ga tari, ga gumi ko ana sanyi. Na ce asibiti, ya ce sai an gama ɗauka. Wai idan kamfani ya ji, marubuci zai kashe shi a haɗarin mota cikin shafi ɗaya, kamar yadda aka yi wa wani.

"Auta, rufa min asiri," ya ce. "Ba zan koma buɗe ƙofa ba."

Ni kuma da shegen tausayi na yarda. Na cusa auduga a kafaɗun riga, na ɗinka masa ciki na soso, mai kwalliya ta cika fuska da hoda. Darakta har yabo yake, wai Yaya bai taɓa ba shi matsala ba. Idan ya daɗe a banɗaki sai in tsaya bakin ƙofa ina sauraron numfashinsa. Inna ta tambaye ni ko lafiyarsa, na yi mata ƙarya ido cikin ido.

Ranar da na ga jini a hankicinsa, na ɗauki almakashi na farke audugar kaf, na rataye rigar a inda take. Ya saka, ta zubo masa kamar an rataya a ƙusa. Ya dube ni, amma an riga an kira shi. Da ya shiga cikin fitilu darakta ya ɗago daga allonsa, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kashe kyamara.

Washegari muna zaune a layin ganin likita, Yaya ba ya yi min magana. Wata mata a gefensa tana kallon shirin a waya, ga Yaya nan a ciki, cike da riga, yana yi wa 'ya'yansa faɗa. Tari ya sarƙe shi. Matar ta ɗan matsa, ta ce, "Sannu baba," ta ƙara sautin wayarta.