Tarin da Na Ji a Ɗakin da Ke Kulle

Ko zan manta komai na zamanmu a Aliero, ban da ranar da na ce sai na dafa waken suya irin na mutanen Chana.

Lokacin ba mu daɗe da tasowa daga Jega ba. Maigidana ya samu aiki, muka kama haya a gidan wani dattijo manomin albasa. Ɗaki uku ne a gidan, amma biyu aka ba mu. Na ukun, wanda ke manne da kicin, yana garƙame da wani kwaɗo mai tsatsa. Dattijon ya ce tsofaffin buhuna ne a ciki, ni ma ban sake tambaya ba.

Ƙanwata da ta yi karatu a Chana ita ta koya mini girkin, har ta bar mini kwalbar wani baƙin ruwan ɗanɗano da suke zubawa a abinci. Na jiƙa waken ya kwana, na dafa shi ya yi laushi, na tsane. Na jajjaga citta da tafarnuwa, na yanka albasa. Saura a soya busasshen barkono a mai, sannan a zuba sauran da ɗan sukari. Ita barkonon kaɗan ta ce a sa. Ni kuwa da son yaji, na cika hannu na watsa.

Nan take hayaƙi ya turnuƙe kicin. Rana tsaka ce, ni kaɗai a gida, ina ta hawaye ina juyawa. Sai na ji tari. Na ɗauka daga maƙwabta ne, na tsaya na kasa kunne. Ta bangon ɗakin nan yake fitowa. Tarin yaro ne ƙarami, sai na wani yaron ya biyo, har da shaƙewa. Can sai muryar mace, a natse, dab da kunnena:

"Baiwar Allah, sauke tukunyag ga. Da ƙanana nan ciki."

Ban san sanda na sungumi tukunyar ba tsumma ba. Na fita da ita tsakar gida, na kife ta a ƙasa, ina ta addu'a. Tarin ya riƙa raguwa har ya ɗauke. Sai muryar ta ce, "Mun gode." Wallahi godiyar nan ta fi tarin firgita ni, don yadda maƙwabciya za ta gode maka in ka ba ta gishiri, haka ta faɗe ta.

A ƙofar gida maigidana ya tarar da ni, ba takalmi, tafin hannuna duk ya tashi. Da na faɗa masa, ya ce, "In kuwa mutane aka kulle ciki fa?" Ya tafi da gudu ya zo da dattijon. Mabuɗi ya ƙi juyawa, sai da aka fasa kwaɗon da dutse. Yanar gizo ta rufe bakin ƙofar tun daga sama har ƙasa, ba inda ta yage. Tagar a toshe take da laka. Buhuna ne kawai a jibge.

Dattijon bai ko leƙa ba. Ni ya duba.

"Ɗiyata, da anka yi miki magana, kin sauke?"

"Na sauke, Baba."

"To, shi ke nan. Tun zamanin mahaihina muke tare, ba su taɓa cutam muna ba. Hayaƙin barkono ɗai na ba su so."

Ya ja ƙofar, ya ce zai aiko da sabon kwaɗo.

Mun ƙarasa shekarar a gidan, ban sake jin ko motsi ba. Su wane ne, Allah ya bar wa kansa sani. Waken kuwa na ci gaba da dafawa, sai dai da ɗanyen attarugu, a ƙarshen girki nake zubawa. Abin da na koya shi ne, ba duk wanda aikinka ke cutarwa kake gani ba. In an ce maka kana takura wa wani, fara saukewa tukuna, daga baya ka tambayi ko wane ne.