Issoufou Mai Mukayyif da Bangon Bayan Gidanmu

Rubuta yadda na faɗa, Sundus, kar ki gyara mini magana.

Issoufou mutumin Damagaram ne, sana'arsa gyaran mukayyif, abin sanyaya ɗaki. Shekara ashirin yana hawa rufin mutane, daga unguwar Bani Harisa har nan unguwarmu, Harra ta Yamma. A jakar kayan aikinsa akwai wata tsohuwar kyamara naɗe cikin rawani. Ba ya ɗaukar mutane. Gini yake ɗauka, da dutse, da dabino. Ya san lokacin da dutsen Uhudu ke yin ja kamar garwashi, ya san rufin da ake hango hasumiyoyin Harami a jere. Sai ya ajiye aiki ya tsaya jiran rana, mai gida na ƙasa yana zufa yana masifa.

Shekarar da aka ce hanya za ta bi ta layinmu, saura kwana goma a rushe gidan da Baba ya gina da baƙin dutsen Harra. Baba bai yarda da hoto ba, har ya rasu ba mu da nasa ko ɗaya. Na ce to, ko na gidan in samu. Na kira Issoufou, ya ce ranar Alhamis.

Kin san halinmu, baƙo ba ya tarar da gida da dauɗa. Kakarki Ikilima ta ce ba za a ɗauki gidan surukinta a haka ba. Muka sayo fenti, muka shafe gaba da gefe biyu, fari tas kamar za a yi sallah.

Issoufou ya zo ya tsaya, ya riƙe baki.

"Alhaji, ina gidan?"

Na ce, "Ga shi gabanka, ko zafi ya taɓa ka?"

"Wannan ai firji ne. Wa ya aike ku?"

Ikilima daga bayan ƙofa ta ce, "Ji mini mutum! Kwana biyu muna shan wahala."

"Sannu Hajiya, amma kun binne shi tun ba a rushe ba."

Na sa farce na gwada kankarewa. Fentin ba ya kankaruwa a kwanakin da suka rage.

Sai ya zaga baya, bangon da ke kallon Uhudu, inda muke jibge tarkace. Shi kaɗai muka bari, don ba mai gani. Yaɓen ƙasa ne a kansa. Issoufou ya manna kuncinsa jikin bangon, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Khalas, shi ke nan, a kwashe kayan nan. Rana ba ta taɓa wannan bango sai lokacin zafi, dab da magariba, ita ma ta gefe."

Tun la'asar muke zaune. Na ce ɗauka mana, haske zai tafi.

"Shwayya shwayya, a hankali Alhaji. Bai ma zo ba."

Ya durƙusa a kusurwa, kyamarar kamar za ta goge bango. Can sai rana ta ratso tsakanin benaye biyu ta kwanta a kan yaɓen.

Subhanallah. Bangon da na shekara sittin ina wucewa, sai ga shi ya tashi. Sawun yatsu ne, layi-layi, suna lanƙwasa kamar kunyoyin gona, tun daga ƙasa har inda hannun mutum ke kaiwa. Kowane sawu yatsa uku masu zurfi, na huɗun guntu. Baba dutse ya cinye masa rabin ƙaramin yatsa wurin gini.

Na ce, "Ikilima, fito! Hannun Baba ne!"

Hasken bai kai tsawon raka'a biyu ba. Issoufou ya danna sau uku, bango ya koma yadda yake, aka kira sallah.

Da safe na koma, ido bai nuna mini komai ba. Sai da na ɗora hannu, yatsuna suka faɗa cikin na Baba.

An rushe gidan ranar da aka ce. Hoton shi ne wanda ke saman gadona, da kike cewa hamada ce. Issoufou kuma yana nan, gwiwa ta fara ba shi matsala, amma bai daina hawa ba.