Kiɗan da Ya Shiga Kunnen Baba

Akwai wata darbejiya a gefen shagon abokina a Birnin Kudu, a ƙarƙashinta muka kashe yammaci da yawa muna gardama a kan abubuwan da ba su dami kowa ba. Shi cajin waya yake yi, yana kuma tura wa mutane waƙoƙi da finafinai. Ni malamin makaranta ne, in an tashi sai in biyo ta nan, in zauna a benci, in cire takalma, iska tana kaɗo ƙamshin gasasshiyar masara daga wajen tasha.

Abokin nan nawa yana da wata ɗabi'a, duk wayar da ta shigo hannunsa sai ya kwashi abin da ke ciki ya adana, ko da bai san mene ne ba. Ta haka ne wani irin kiɗa ya faɗo shagon, daga wayar wani ɗalibi da ya zo hutu daga Kano. Turawa na ce masa hebi metal. Ranar da ya fara kunna mini, don ya tsokane ni ya yi. Jita tana gurnani, ganga tana gudu, wani ƙato yana ihu daga can cikin maƙogwaro. Ya ce kiɗan masu aljanu ne, ya kamata a tofa wa wayar addu'a. Ni kuwa sai na ji ƙirjina ya buɗe. Na ce ya tura mini duka.

Daga nan na zama mai ra'ayi. Ba na son ƙungiyoyin da makaɗinsu ke sauri kamar ɗan acaɓa ya hango hadari. Na fi son masu jan kiɗa a hankali, da nauyi, su yi ta maimaita abu guda har mutum ya manta inda yake zaune. Waɗanda suke fara ihu sannan a tsakiya su kawo wani mai zaƙin murya ya lallashe ka, su kam haushi suke ba ni. In za ka yi ihu ka yi ihunka, kada ka dawo kana ba ni haƙuri. Ban taɓa gane ko kalma ɗaya daga abin da suke faɗa ba, kuma ban taɓa neman in gane ba.

Littattafan ban tsoro ma mun sha faɗa a kansu. Ina karanta su a waya, na Turanci da na Hausa, in ba shi labari. Abin da ke ƙona masa rai shi ne mutanen cikin littafin. Iyali su tare a sabon gida, ƙofa ta riƙa buɗe kanta, a ji tafiya a saman rufi, amma su ci gaba da zama har da sayen labule.

"Wane Bahaushe ne zai kwana biyu a nan?" in ji shi. "Tun ranar farko an kira malam, washegari an kwashe kaya. Littafi ya ƙare a shafi na uku."

Ni ba wannan ne damuwata ba. Babin ƙarshe ne ke ɓata mini rai, inda marubuci zai zaunar da kai ya bayyana maka ko wace ce fatalwar da abin da aka yi mata. Da an bayyana, tsoro ya tafi. Na fi son littafin da ba a nuna komai, sai dai mutum ya shiga ɗaki ya yi sallama, ya san da mutum a ciki, amma ba a amsa ba.

Sai kuma ƙananan finafinan nan da wasu ke yi da kyamara ɗaya, ba babban kamfani a bayansu. A nuna mace tana wanke kwanuka, a daɗe ana nunawa, taga a buɗe, labule yana motsi. Abokina ya leƙo ya ce, "Malam, fim ɗin ne haka ko wayar ce ta maƙale?" Ina son su ne don suna barin mutum ya yi tunaninsa. Kuma a shekarun nan, duk inda tunanina ya zagaya, ƙauyenmu Dingaya yake komawa, wajen mahaifina.

Baba injin niƙa ya riƙe tun kafin a haife ni. Wata 'yar rumfar kwano ce a bakin hanya, cikinta fari fat da gari, ga warin dizal. A nan kowa ihu yake yi. Mata su aiko da dawa, a tsaya a bakin ƙofa a ƙwalla masa, "Baba, niƙa ko ɓarza?" shi ma ya ƙwalla amsa, a yi dariya. Injin ya ciyar da mu, ya kuma cinye masa kunnuwa a hankali. Da ƙarfinsa ya ragu ya bar wa wani rumfar, sai ya dawo gida, inda ba mai ɗaga masa murya.

Ni ne ɗan fari. A gidanmu Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni ma ban taɓa tsayawa na kalli tsakiyar idonsa ba. In zan gaishe shi, durƙusawa nake yi daga ɗan nesa, kai a ƙasa, murya a ƙasa. Haka aka koya mana, haka kowa ke yi, kuma duk ƙauyen ana yabona da shi. To mutumin da kunnensa ya tafi, ka sunkuyar da kai ka ɓoye masa bakinka, ka kuma yi ƙasa da murya, me ka bar masa? Inna takan taɓa kafaɗarsa ta nuna masa akushi. Ƙannena suna yi masa magana da hannu. Ni ko wannan ban iya ba, don nuna wa uba abu da yatsa ma wani nauyi ne.

Sai ya koyi amsa gaisuwa da ka. Ya san jerinta, yana ganin na durƙusa sai ya fara: lafiya lau, ba gajiya, iyali lafiya. Yana barin ɗan tsakani don tambayar da yake zaton na yi. Wata Asabar da damina na je, bayan mun gaisa na ce masa an ba ni aji na manya a makaranta, abin da na daɗe ina so. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ruwa ya yi gyara." Na fita bayan gida na tsaya cikin gero, raina ya ɓaci ƙwarai, ban san ma da wa nake fushi ba. Bayan wannan daminar ko amsar da ka ɗin ma ta fara raguwa. Yakan zauna a inuwar zaure yana kallon gonaki, bakinsa a rufe tun daga hantsi har la'asar. Na ji tsoron zai bar duniya ba mu sake yin magana ta gaske ba.

Na kawo shi asibiti a Birnin Kudu. Likitan ya duba, ya ce kunnen dama ya tafi, na hagu akwai ɗan saura. Ya ce mu riƙa tsayawa ta hagunsa, mu dube shi a fuska, mu ɗaga murya sosai. Na ce to. Ina faɗar to ɗin na san ba zan iya ba. In yi wa Baba ihu? A Dingaya? Ko a mafarki na yi haka sai na tashi da istigfari.

Da muka fito motar Gwaram ba ta cika ba, sai na kai shi shagon abokina ya huta. Hadari yana haɗuwa ta bayan duwatsu, garin ya yi wani irin haske rawaya, ganyen darbejiya ya tsaya cak. Baba ya zauna a benci, daf da babbar lasifikar shagon. Abokina ya kawo masa ruwa, sannan ya dube ni da wannan murmushin nasa na mugunta, ya kunna kiɗan nawa, ya murɗe shi har ƙarshe. So yake ya tona mini asiri a gaban mahaifina.

Na miƙe zan kashe, sai na ga Baba ya juyo. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin lasifikar, ya karkato da kunnen hagu, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Can ya buɗe baki da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"Injin wa ke nan?"

Abokina ba ɗansa ba ne, ba abin da ya ɗaure masa harshe. Ya matso daf da kunnensa ya ƙwalla, "Kiɗa ne, Baba! Na Turawa!"

"Kiɗa?" Baba ya yi dariya, har na ga giɓinsa. "To lafiyarsa ƙalau. Ba ya tari."

Abokina ya canza masa wani, na masu saurin nan. Baba ya yamutsa fuska ya girgiza kai.

"Wannan yaro ne ke riƙe da shi. Zai ƙona bel. Mai da na farkon."

Aka mayar. Ashe ra'ayinmu ɗaya da shi, masu nauyin nan yake so. Da ƙaton ya fara ihunsa, Baba ya ƙara manna kunne.

"Shi kuma wannan me aka yi masa?"

"Ba wanda ya sani, Baba!"

"To gara shi," in ji Baba. "Ya dai faɗa."

Suka yi ta hira, ɗaya na ƙwalla wa ɗaya, masu wucewa na waiwaye. Baba ya ba shi labarin injinsa na farko, da ranar da ruwa ya shiga rumfar, labaran da ni ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ina tsaye a gefe riƙe da ledar magani. Na yi murna, amma kishi ya fi yawa. Kishi sosai. Mutumin da ko hanyar gidanmu bai sani ba ya samu mahaifina cikin rabin yini, don kawai shi ba a koya masa jin nauyinsa ba.

Ruwa ya sauko muna hanya. Motar tana tafiya a hankali, gilashi ya yi hazo, gonaki suna wucewa kore shar, dawa tana sunkuyawa tana tashi. Wata mata a baya tana jijjiga jariri, direba ya kashe rediyo. Baba ya jingina kansa da taga, yatsunsa suna buga gwiwarsa, a hankali, da nauyi, yana wani gunji a ƙirji wanda shi bai san ana ji ba. Na yi ta kallon hannun nan nasa. Ban san lokacin da muka iso Gwaram ba, ji na yi kamar motar a kan ruwa take yawo. Daga nan babur ya ƙarasa da mu cikin yayyafi.

Washegari da hantsi rana ta fito, ƙasa tana tururi. Baba yana kan tabarmarsa a tsakar gida, Inna tana tankaɗe a ƙofar madafa. Na zo na durƙusa kamar kullum. Ya buɗe baki zai fara jero amsoshinsa. Sai na ja gwiwa na matsa ta hagunsa, kusa har ina jin warin man zafin da ya shafa. Na ɗaga kai. Girarsa ta yi fari, akwai wani ɗan tabo a ƙarƙashin idonsa da ban taɓa sanin yana da shi ba. Na cika ƙirji da iska.

"BABA, INA KWANA!"

Kaji suka watse. Inna ta saki rariya tana salati. Maƙwabcinmu, dattijo sa'an Baba, ya leƙo ta kan katanga.

"Subhanallahi! Malam, kai ne? Mahaifin naka?"

Idona yana kan Baba, ina jiran ya ɗauke kai, ko ya nuna mini ƙofa. Da ya yi hakan ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya dube ni, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba shi ma.

"Ashe haka muryarka ta zama," ya ce. "Ni ta yarinta na sani."

Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Maƙwabcin yana can yana ta faɗa a kan 'ya'yan zamani, Inna ta toshe baki da gefen zane. Baba ya ɗaga wa mutumin hannu, alamar ya yi shiru, sannan ya kamo hannun rigata ya ƙara jawo ni, ya juyo mini da kunnen hagu.

"Sake faɗa," ya ce.