Ranar da Na Farke Ragar Jikata

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa muku da hannuna na yi shi, ba labari aka ba ni ba.

Ina da jikoki mata biyu a makarantar kwana a Malumfashi. Babbar 'yar ɗana na fari ce. Ƙaramar kuwa ɗana na auta ne ya haife ta, ni na riƙe ta tun da aka yaye ta. Shekara biyu ce tsakaninsu, katanga ɗaya ta raba gidajenmu a ƙauyenmu na kan hanyar Funtua. Ƙaramar ba ta taɓa sa hannu a kwano kafin yayarta ba. Haka na rene ta.

A hutun da ya biyo bayan cirar auduga suka dawo, kowacce da sanda a kafaɗa. Sandar ƙarfe ce marar nauyi, a kanta da 'yar raga kamar ƙaramar komar kamun kifi. Da ita ake cafe wata ƙwallo mai tauri, a ruga da ita, a wurga. Lakuros suke ce wa wasan. Wata malama ce da ta yi karatu a nesa ta kawo shi makarantar. Ƙaramar ta gaya mini da an koma za a zaɓi masu tafiya gasa Abuja, an cike kowane gurbi sai ɗaya, kuma ita da yayarta ne ke nemansa.

Na ce ai magana ta ƙare, babba ce gaba. Ta dube ni cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce a'a.

Daga ranar na fara sa mata ido.

Da ta idar da sallar asuba ta yi shara, sai ta tafi bayan rumbu tana jifan bango da ƙwallon, tana cafewa, tana jifa, har yaɓen ya fara zuba. Wata rana ƙwallon ta dawo ta fasa mata leɓe. Yarinyar da ƙaya ke sa ta kuka, ta tofar da jini ta ci gaba. Wannan duk na haɗiye. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne zaman da take yi a gindin ɗorawa da hantsi. Sai ta rufe ido, ta ɗora sandar a cinya, leɓunanta na motsi, kafaɗarta na zabura, hannunta na juyawa alhali babu kowa a gabanta.

Ni a gidan Maguzawa aka haife ni, aure ne ya kawo ni cikin Musulunci. Na ga goggona tana irin wannan zaman kafin iska ta hau ta. Na san yadda kafaɗa ke yi. Ba wanda zai koya mini wannan.

Na kira ta na tambaye ta da wa take magana. Ta yi dariya, ta ce tsohuwa ta fara gane-gane. Ta ce malamarsu ce ta koya musu su riƙa ganin wasan a cikin kansu tun kafin a buga shi, su ga inda ƙwallon za ta faɗi da yadda za su ɗauke ta. Maimakon hankalina ya kwanta, sai ya ƙara tashi. Ganin abin da bai faru ba, a saninmu aikin boka ne. Na ce to me bakinki ke faɗa?

"Cewa nake yi ba ni da yaya a fili, Iya."

Ta ce duk sanda suka haɗu a kan ƙwallo ƙafarta ke yin sanyi, ta ja baya ta bar wa yayarta, ita kanta ba ta san ta yi ba. Malamar ta lura, ta ce ta riƙa maimaita wannan maganar har ta zauna mata a jiki.

Na ce a raina, macen da za ta zo daga nesa ta raba jini da jini da kalma shida, ba da baki kaɗai ta yi ba. Akwai abin da ta haɗa. Na duba akwatin yarinyar, ban ga komai ba. Na shinshina gorar ruwanta. Na laluba bakin zanenta ko an ɗinke wani abu. Sai idona ya koma kan sandar. An naɗe mariƙinta da wani baƙin abu mai danƙo, a wuri ɗaya ya yi tudu. Ƙulle-ƙullen ragar kuwa sun yi mini yawa, na ƙirga na ga bakwai a jere.

Ranar kasuwa na aike ta kai niƙa. Na ɗauki reza na shiga ɗaki na sakaya ƙofa. Na yi bisimilla na warware baƙin naɗin. Tudun nan ashe naɗi ne aka ninka don hannu ya san wurin tsayawa. Na cire marfin gindin sandar na leƙa, na busa, iska ta fita ta ɗaya gefen. Da na tsaya a nan da an wuce wurin. Ban tsaya ba. Na bi ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya ina yankawa ina dubawa, har ragar ta zube a cinyata. Zare ne kawai.

Ta dawo da gari a ka ta tarar da ni zaune da tarkacen a gabana. Saura kwana huɗu a koma makaranta.

Na zaci kuka, na zaci za ta ƙi abinci. Ta sauke garin, ta tsuguna ta tattara zaren, ta daɗe tana kallonsa. Ubanta ya hau babur ya zagaye kasuwar Funtua, masu sayar da kayan ƙwallo suka ce ba su taɓa jin sunan abin ba. Na ce ta je ta ari ta yayarta su riƙa karɓa-karɓa. Ta ce ranar zaɓe tare za su shiga fili, kowa da tasa.

Sai ta ce, "Ba ke kike saƙa ragayar rataye ƙwarya ba? Ki saƙa mini."

Na warware buhun taki na murza zare. Na saƙa ta farko, ta yi zurfi, ƙwallon ta shige ta ƙi fita. Ta ce in kwance. Na saƙa ta biyu, ta yi tsauri, ƙwallon na taɓawa tana tsalle. Ta ce in kwance. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma tausaya wa yatsuna ba. Na ce mata ta zage ni mana ko na ji sanyi. Ta ce zagi ba zai mayar da raga ba, in ƙara sassauta layi na uku. A nan na ga abin da malamar ta zuba mata. Abin da ya riga ya ɓaci ba ta waiwayarsa, na gaba take tambaya. Ban ce na ji daɗinsa ba. Na dai gan shi.

Kwana biyu ina zaune a tsakar gida da sandar a cinyata, kowane ƙulli da bisimillarsa. Matar ɗana na fari, uwar babbar, ta leƙo ta katanga sau biyu ta yi mini sannu da aiki. Raga ta uku ta zauna daidai, amma tana jan ƙwallon hagu. Yarinyar ta koma bayan rumbu ta koyi jifa daga farko, kwana guda da yini.

Ranar zaɓen na shiga mota zuwa Malumfashi, surukata uwar babbar na gefena, aka ba mu benci a bakin fili. Ƙaramar ta wurga sau biyu, duka suka bauɗe hagu. 'Yan mata suka yi dariyar ragar buhu. Ko kai ba ta sunkuyar ba. Can sai ƙwallon ta faɗi ƙasa tsakaninta da yayarta. Na ga ƙafarta ta ɗan tsaya. Sannan ta sa ƙugu ta tare yayarta, ta kwashe ƙwallon, babbar ta yi tuntuɓe ta faɗi, ita kuwa ta wuce ba ta juyo ba. Ta wurga karo na uku, ƙwallon ta shiga ragar gola. Sai da aka busa tashi ta koma ta ɗaga yayarta ta kakkaɓe mata riga.

Malamar ta kira sunan ƙaramar.

A motar dawowa ina zaune kusa da surukata, har muka wuce rabin hanya. Sannan ta ce, a hankali, tana kallon taga, "Iya, me kika sa a cikin ragar nan?"

Na rantse mata zaren buhu ne. Ta ce ta ji. Amma ta gan ni ina ƙullawa bakina na motsi, ta kuma san gidan da na fito. Kafin sati ya zagayo, maganar ta kai bakin rijiya.

Ƙaramar ta je Abuja, aka ci su a wasa na biyu, ta dawo tana cewa baɗi. Yanzu tana karatu a Zariya, tana koya wa wasu. Babbar ta ajiye sanda, ta koyi aikin jinya, tana asibiti a Funtua. Su biyun suna waya suna dariya kamar ba a yi ba. Malamar an mayar da ita wata makaranta, ban taɓa yi mata magana ba, har yau kuma ban gama yarda da ita ba. Surukata tana gaishe ni da ladabi safe da yamma, amma ta hana ƙananan 'ya'yanta cin abin da ya fito daga tukunyata. Ni kuwa ido ya yi rauni, na daina saƙa.