Ƙwai Huɗu a Bayan Ganye

Ni ne na goge ƙwan, gara in faɗa da bakina kafin a faɗa mini. Na je gaida Mai Agogo, mijin marigayiya yayata, ya shiga kicin ɗora mana shayi. Sai na hango wasu fararen ɗigo-ɗigo manne a cikin akwatin gilashin da yake kiwon kifi. Na ce a raina, gidan da babu mace ke nan. Na naɗe hannun riga, na zura soso, na goge tas, har ina jiran godiya. Da ya fito da tire sai ya tsaya yana kallon gilashin. Kofunan ne kawai suka yi ta ƙara a hannunsa.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran agogo a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, madubin ƙara girma maƙale a ido. Kifin ba nasa ba ne tun asali. Yaya ce ta kawo guda shida, 'yan tarwada masu gashin baki, ba su kai ɗan yatsa ba, irin waɗanda ba a ci, sai kallo. Allah bai ba Yaya da mijinta haihuwa ba, kuma ba su taɓa yin zancen a gaban kowa ba.

Ita ta gano dabarar. A rage ruwan akwatin, a zuba mai sanyi, sai kifin su zaci ruwan sama ne ya sauka, macen ta bi gilashi tana manna ƙwai. Daga nan sai hanzari, don iyayen kan cinye abin da suka zuba. Yaya kan mirgino ƙwan ɗaya bayan ɗaya da kan yatsa, shi kuma ya tara mata kwano yana ƙirgawa.

Shekarar da ta rasu hannunsa ya fara rawa. Ƙusar agogo ta gagare shi, ya rufe shago. Kifin suka yi ta raguwa, har ya zama saura maza biyu da tsohuwar mace ɗaya, jikar jikar waɗanda Yaya ta kawo. Uwargida yake ce mata. In ta tafi ba ta bar baya ba, irin Yaya ya ƙare a gidan. Wata takwas yana zuba mata ruwan sanyi tana share shi. Ranar da ta yarda, ranar na zo. Ashe shayin ma na roƙo ne, yatsuna yake so ya ara.

Bayan na sulale, ya ciro tsohon madubinsa ya maƙala, ya bi tsiron cikin akwatin ganye-ganye. A bayan wani ya sami ƙwai huɗu da sosona bai kai ba. Yatsunsa ba za su iya ɗauka ba, sai ya yanko ganyen da almakashi, a gwaji na biyar, ya sa a kwanon Yaya. Ɗaya ya lalace, uku suka ƙyanƙyashe. Sati biyu bayan haka ya tarar da Uwargida kwance a kan yashi. Ko akwai mace cikin ukun, sai nan da watanni za a sani.

Jiya na koma. Na leƙa kwanon daga nesa, na ce waɗannan ai ko ƙamshi ba za su yi a tukunya ba. Bai yi dariya ba. Sai na ce ya bari in sayo masa goma irinsu sak, tunda kifi kifi ne.

Ya ɗago, madubin na nan a idonsa, ya kira ni da sunan da ya laƙaba mini saboda surutuna.

"Rediyo, gari cike yake da mata. Ka ga na kawo wata a madadin yayarka? Sa hannunka a aljihu, ka kalla daga nan."